Jan Zare

Shekara ashirin da shida ke nan ina ɗinka lambobi
a ɗakin bayan madafa, nan Kurseong,
inda gajimare ke shigowa ta taga ba sallama,
ya jiƙa min zare, ya fice abinsa.

Takardar doka na manne a ƙofa, duk ta yi jirwaye:
farar riga shida, wando ruwan toka huɗu,
safa har gwiwa, kada ta zame,
baƙin takalmi mai igiya,
laktaye ya tsaya daidai kan bel,
gashi kada ya taɓa kwala.
Ban da zobe, ban da sarƙa, ban da zare a wuya.
Na haddace ta, ni da ban iya karatu ba.

A watan Maris suke zuwa,
motoci na nishi a hawan dutse,
akwatunan ƙarfe, iyaye mata da jajayen idanu.
Kowane yaro ya tuɓe sunansa a bakin ƙofa kamar takalmi,
ni kuma in ba shi lamba.
Ɗan mai gonar shayi da ɗan mai tsinkar ganyen,
in suka sa shuɗin kwat ɗin nan
sai sun buɗe baki kake bambance su.
Nan kam na sara wa dokar.

Bana aka kawo Norden.
Shekara takwas, giɓi a gaba,
kwat ya haɗiye shi har yatsu,
an saya da girma don ya kai shi aji uku.
Ɗari da goma sha huɗu.

Ran Asabar, layin dubawa a filin ƙwallo,
Mista Pradhan na tafe, hannu a baya,
ya duba farce, ya duba ƙeya.
Ya tsaya. Ya zura yatsa a kwalar yaron,
ya zaro jan zare mai ƙulli guda.
"Wannan fa?"
"Kakata ce ta ɗaura min."
Almakashi bai yi ƙara ba.
Ƙarar sai da dare ta zo, daga ƙarƙashin bargo,
har mai gadi ya jiyo ta a matakala.

Mutumin bai jefa a shara ba.
Da yamma ya shigo, ya ajiye min kan keken ɗinki,
ya ce, "Phulmaya, adana masa har hutu."
Ya tsaya yana kallon dutsen guga
kamar mai sauran magana,
sannan ya fita.

Hutu sai Disamba. Wata tara.
Ɗan shekara takwas bai san tsawon wata tara ba.
Ni na sani, sau uku na ɗauke shi.

Na sauko da kwat ɗin daga ƙusa,
na farke lambar da na ɗinka da hannuna,
na naɗe zaren har ya dawo kamar ƙwayar wake,
na kwantar da shi, na rufa masa lambar,
ɗinki ƙanana, kusa-kusa, irin wanda ya fi ƙarfin wanki.
Doka ta ce ban da zare a wuya.
Ba ta ce komai kan zare a jikin riga ba,
riga ai duk zare ce.

Ban yi masa bayani ba. Yatsansa na kama,
na ɗora a bayan kwala, na ce danna.
Ya danna. Ya ji ƙullin. Ya kalle ni.
Aka buga ƙararrawa, ya ruga,
safa ɗaya ta riga ta sauka idon sawu.

Asabar ɗin da ta biyo ina leƙe ta taga.
Mista Pradhan ya iso kansa,
ya gyara masa kwala,
hannunsa ya ɗan jima a wurin fiye da gyaran kwala.
"Ja safarka sama," ya ce, ya wuce na gaba.

Sittin da biyu ce lambarsa, in ban manta ba,
shekarar da na fara aiki.
Nasa zaren rawaya ne.