Baƙon Da Bai Yi Sallama Ba

Ubana wanzami ne a Daura,
zabirarsa ta girme ni da shekara tara.
Yatsunsa biyu sun fi idon wani gani,
ya taɓa, ya lumshe ido, ya kira sunan kumburi.

"Wannan maruru ne, a bar shi ya nuna,
jibi zai buɗe baki da kansa.
Taka kaluluwa ce, Ɗan'azumi, miƙo ƙafa.
Ga ƙayar da ka taka wurin kiwo,
ita ta aika saƙo sama tun da wuri."

Ɗan Tabawa ya zo kumatu kamar tulu,
ya ce hangum ne, a raba masa shimfiɗa,
a dama masa kunu ruwa-ruwa.
Inna Lantana da maƙoƙonta a ƙarƙashin gyale,
bai taɓa nuna mata aska ba.
Ya ce, "Wannan ba gonata ba ce,
ki sake gishiri, ki ga likita a cikin gari."

Masu gwaiwa sai bayan isha suke zuwa,
su yi gyaran murya a bakin zaure,
ni kuma a aike ni sayen ashana.
Har yau ban san sunan ko ɗaya ba,
zaurenmu ya iya haɗiye sirri.

Wata asuba ina zuba masa ruwan alwala,
ya zo shafar kunne, hannunsa ya tsaya
a ƙasan na hagu.
Ya daɗe.
Buta ta ƙare a ƙasa.

Na ce, "Baba, yana ciwo?"
Ya ce, "Ina ma yana yi.
Mai zafi ɗan unguwa ne, da sallama yake shigowa,
ya faɗi abin da ke tafe da shi.
Wannan ba zafi, ba ya gusawa,
kamar tsakuwa a cikin tuwo.
Ina jin, ɗana, shi ake ce wa ƙari."

Ana cewa wanzami ba ya son jarfa.
Nawa dai ya rataye zabira a ƙusa,
muka bi ta Mashi har Katsina,
ya zauna a benci da kati a hannu
tsakanin mai jego da wani direban tanka.

Likitar ba ta wuce jikarsa ba.
Ta ɗora yatsu biyu, ta lumshe ido.
Baba ya juyo, ya raɗa mini,
"Yarinyar nan tana da hannu."
Suka ɗebi ɗan nama kamar ƙwayar dawa,
suka rufe a kwalba,
suka ce mako biyu, za su yi nazari.

Yau kwana uku.
Yana zaure yana wasa aska a kan fata,
ya aske mutum huɗu kafin azahar.
In ba kowa, hannun ya koma ƙasan kunne,
in na shigo, ya yi kamar yana gyara hula.
Saura sha ɗaya.
Shi da ya saba ce wa mutane "bar shi ya nuna",
yau ni nake ce masa haƙuri.