Babi na Goma Sha Tara

Shekara talatin da ɗaya ina dukan tafireta
a ɗakin sama, bisa wani tudu na Valparaíso,
inda taga ke kallon jiragen ruwa
sun yi kwance kamar shanu a mashaya.
Sunana Eulalia Quilodrán.
Kada ka wahalar da kanka, ba ya bangon kowane littafi.
Maza ke hawo matakala da jakar fata,
takardunsu na warin taba, da zoben kofin gahawa a shafin farko,
in miƙar da karkataccen rubutunsu layi-layi,
a biya ni a kan shafi.

Ina da ɗan littafin lissafi irin na masu kanti,
ba kuɗi kaɗai nake shigarwa ba.
Mata arba'in da bakwai suka mutu a ƙarƙashin yatsuna.
Sha ɗaya teku ya ci, tara tarin fuka,
shida a kan gwiwa,
sauran wai baƙin ciki, ciwon da ba ya ɓata fuska.
Dukansu kyawawa. Ko gawa ba a yarje mata muni ba.
Wadda bakinta ya buɗe a babi na uku,
na san ba ta kai wa na ashirin.
Mai kuɗin kanta, mayya ce.
Mai shiru kuwa a kira ta uwa,
a jingine ta gefen murhu kamar tsintsiya.

Tawa uwar, Herminia,
kifi take feɗewa a bakin gaɓa tun duhun asuba,
yatsa biyu wuƙa ta raba ta da su.
Girgizar ƙasa ta kayar da bangonmu, ita ta tayar,
tana zagin siminti da mai sayar da shi.
Ta binne mijin da ya karya mata haƙori
sannan ta ci gaba da dariya da wannan giɓin.
Tana da tamanin da takwas ta cika,
tsakiyar gardama kan kuɗin albasa.
Ba wanda ya taɓa kawo min irinta cikin jakar fata.

Sai Don Baldomero ya zo da nasa.
Babi na goma sha tara: Rosaura ta sauka matakala da dare,
ta shiga ruwa har ya rufe gashinta.
Na kai hannu, yatsuna suka ƙi.
Na tashi na dafa shayi, na bar shi ya huce.
Da na dawo ga abin da na buga:
ta tsoma ƙafa, ta ji sanyi, ta ja tsaki,
ta koma wurin mai suya ta sayi kifi biyu,
ta ci a tsaye, mai na bin gwiwar hannunta,
ta tambayi ƙarfe nawa jirgin arewa ke tashi.

Bai duba ba. Wa ke duba aikin mai tafireta?
Littafi ya fito, jaridu suka ɗauka,
wai ga namijin da ya san zuciyar mace.
Na ji shi a rediyo yana bayanin
daren da dabarar kifin ta faɗo masa.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.
Ya hawo sau ɗaya bayan nan, yana haki,
ya ajiye cikon kuɗina, bai kalle ni ba,
littafinsa na gaba ya kai wa wata.

Arba'in da bakwai ɗin suna nan, ban iya tono su ba,
ni na buga su, na kuma ci abinci da kuɗin.
Amma ran Talata, a keken da ke hawa da mu tudu,
wata yarinya mai rigar asibiti tana karatu a tsaye.
Na leƙa lambar shafin. Na jira.
Sai ta tuntsire da dariya, har ta manta ta rufe baki.