Ni Ce Ni

A kan tabarma na baje su, daren Laraba,
takardu tara, mace ɗaya.
Sanyin Jos na shigowa ta ƙasan ƙofa,
yara sun yi barci, fitilar caji tana lumshe ido.

Ranar suna, in ji Inna, liman ya raɗa mini Safara'u,
aka yanka rago, aka raba goro a Gangare.
Ba wanda ya tambayi liman yadda ake rubuta shi.

Malamin aji ɗaya, baƙo ne a garin, mai kirki,
ya kasa kunne sau biyu, ya rubuta Saparatu.
Na amsa. Wa ke gardama da mai alli a hannu?
Shekara shida ina amsawa
har takardar jarrabawa ta tafi da shi.

Yarinyar banki ta ce na'urarta
ba ta cin ɗan waƙafin nan na sama,
ta zare shi kamar ƙayar kifi: Safarau.
A katin ɗan ƙasa kuwa, wani mai sauri
ya haɗiye harafi guda ya bar ni Safrau.
Ga layi har bakin titi, ga goyo, ga rana,
na karɓa, na ce na gode.

Baba ma bai tsira ba.
Ilu a gida, Ilu a ramin kuza,
Iliya a katin albashi, Iliyasu a fasfona,
shi kuwa shekara goma sha ɗaya yana kwance,
ba ya amsa ko ɗaya.

Ɗantala ya kira daga can inda agogonsu ke bin bayan namu.
Shekara uku yana juya tsofaffin wasu a gadon asibiti,
yana tara kuɗin jirgin mutum huɗu.
Ya ce, "Wai matar da na aura
ba ita ta haifi Zinatu ba,
wadda ta haifi Zinatu kuma ba ita ke da fasfo ba."
Muka yi dariya.
Sai layin ya yi shiru, na ji yana jan hanci.
Shi ma lanƙwasar harafinsa na farko ta faɗi a hanya,
bai koma ya tsinta ba.

Da safe na tari Keke zuwa kotu.
A gindin mangwaro mai buga takarda ya gyara tabarau,
ya ce, "Hajiya, wanne za mu bari da rai?"
Na ce na fasfo, shi ya fi tsada.
Ya buga: ni, wadda aka sani da kaza, da kaza, da kaza,
duka ni ce.
Na ɗaga hannu na rantse
a gaban mutumin da bai ɗago ya dube ni ba.
Tambari ya sauka, tim.
Sai jarida, layi uku a shafin baya,
tsakanin cigiyar takardar fili da tallan maganin basir,
wai duniya ta shaida.

Saura Mansir da asibiti ya mayar Mansur,
saura watan haihuwar auta da ya zame gaba.
Litinin sai Abuja, motar asuba,
fayil a ƙirji kamar jinjiri mai zazzaɓi.

Da la'asar na biya Gangare.
Inna na rege acca a bakin rijiya,
idonta ya yi yana, da kunne take gani yanzu.
Tun kafin in yi sallama ta ji takuna,
ta ce, "Ladi, ke ce?"

Wannan ba ya kan takarda ko ɗaya.

Na ce, "Ni ce."
Ta matsa mini a kan turmi,
ta miƙo mini ƙwarya.