Alhamis a Bakin Madatsa

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da makullin ruwan Batken,
ƙarfe ne kamu biyu, ya yi mini kanta a tafin hannu.
Lahadi zuwa Laraba in buɗe wa ƙauyenmu,
Alhamis in miƙa wa Shodmon,
shi Tajik, ni Kirgiz,
ya karkata kogin zuwa gonakin danginsa.
Ba mu taɓa sa hannu a takarda ba.
Shayi ne shaidarmu, sai gaisuwa.

Daga ƙanƙarar duwatsu ruwan ke gangarowa,
sanyinsa har cikin haƙori.
Bai taɓa tsayawa gindin afirikot ya tambaya
da wane harshe mai gonar ke roƙon Allah ba.

Sai ga taswira biyu, tsofaffi,
da aka zana a Mosko tun ba a yanke wa babana cibi ba.
Ɗaya ta ce madatsar tamu ce,
ɗaya ta ce ƙarya ne.
Shodmon ya ce mai zanen gyangyaɗi ya yi,
don layin ta tsakar garken Anarkan ya ratsa:
kan saniya a ƙasa guda, wutsiya a wata.
Muka yi dariya har shayi ya sarƙe ni.
Na manta ruwa ba ya tsami banza.

Da fari kyamara ce aka ɗaure a kan falwaya
tana kallon madatsa dare da rana.
Sai jifa tsakanin samari.
Sai wanda ya zo da bindigar harbin zomo.
Kafin sati, abin da ke shawagi a kanmu
jirgi ne da ba kowa a ciki,
yana kuka kamar sauro, ba hannun da zai kai masa mari.

Mun gudu a motar ɗaukar albasa, mu goma sha tara.
Jikata Aizirek ta rungumo agogon bango,
ta bar takalmanta.
Ni makullin na ɗauko, ban san dalili ba.

A rediyo manya na ta ganawa a birane masu nisa.
Wannan ya sayar wa wancan makami,
wancan ya yi Allah wadai da kakkausar murya,
duk suka yi hoto, suka ci abincin dare.
An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta
shafa wa naka ruwa.
To, da wane ruwan? Madatsa na kulle.

Kwana arba'in muka dawo.
Makaranta ba rufi, allo kaɗai ya tsira
da lissafin da ba a gama ba.
Afirikot ya nuna ba mai tsinka,
ya zube, ya ruɓe, zanzaro ya ƙoshi.
An ja waya mai ƙaya daga gada har maƙabarta,
kakata ta koma ƙasar waje tana kwance a kabarinta.

Da asuba na saɓa ƙarfen na fita.
Wani soja, gemu bai gama tsiro masa ba,
ya ce, Baba Mamatkul, wa ya ba ka izini?
Na ce, yau Alhamis.
Ya duba takardarsa, babu Alhamis a ciki.
Ya juya baya, ya kunna taba,
ya daɗe yana kallon duwatsu.

Na murɗa. Ƙarfen ya yi ƙara, tsatsa ta zuba.
Ruwa ya sunkuya ta ƙarƙashin waya
ya wuce ba fasfo.

A can tsallake wani na tsaye da shebur,
sanye da hular Shodmon, ta yi masa yawa.
Yaro ne.
Ban tambaye shi ina mai hular ba.
Ya ɗaga hannu, bai kai kafaɗa ba ya sauke,
ya duƙa yana share wa ruwan hanya.