Hasumiyar Kakale

A ƙasan Yawuri, inda Kwara ke buɗe ƙirji,
akwai wani dutse da mutanen gungunmu ke kira Mai-haƙori.
Jirgi bakwai ya ci, in ji kakata Tumba,
na bakwai ɗauke da albasa, da ƙanenta a ciki.

Sai mijinta Kakale ya shiga jido duwatsu,
rani biyu yana ɗora ɗaya bisa ɗaya,
ana cewa ya taɓu.
Tsayin mutum huɗu ya kai ta, ya bar taga ta fuskanci ruwa,
ya sa kasko da man kaɗe,
lagwani kuwa daga gefen zanen Tumba aka yago.

Ba sarki ya naɗa shi ba, ba shi da albashi.
Wanda ya tsira yakan aje masa karfasa biyu a gindin tsani,
wani goro, wani ko sannu babu.
Daren da iska ta kashe wutar sau tara,
sau tara ya kunna,
gemunsa ya babbake gefe guda,
har ya mutu gefen bai sake tsiro ba.

Daga baya kalanzir ya zo, da fitilar ƙwai.
Sannan aka ce an datse kogi can ƙasa,
kowa ya kwashe nasa ya hau tudu.
Ruwa ya shiga ɗakin Tumba ba sallama,
ya haɗiye rumbu, ya haɗiye kushewa,
har Mai-haƙori ya nutse, ya daina cizo.
Kakale ya ce: to, ni da shi mun yi kunnen doki.

Bara da ruwa ya ja baya na ari jirgin Nomau,
muka tuƙa har wurin.
Kanta kaɗai ya leƙo, kamar tsohuwa mai wanka,
zalɓe na tsaye inda kaskon yake zama.
Na zura hannu ta taga,
na shafo baƙin hayaƙi, ko dai laka ce, ban sani ba.

Yaran yanzu da hasken waya suke gane gaɓa.
Nomau ya ce mu juya, magariba ta kusa.
Ban wanke hannun ba
sai da na kai wa Tumba ta sunsuna.