Benci Mai Gajerar Ƙafa

Su tara motar Yamai ta sauke a tashar Tawa,
da gwangwanayen fenti, da kwalin littattafai,
da jita guda mai tsinkakkiyar tsirkiya.
Darakta ya ce, "Arzika, ga baƙi,
ɗaliban jami'a ne, 'yan coci,
kwana takwas za su yi mana aiki."
Na ce to. Na ƙara damƙe makullaina.
Shekara goma sha bakwai ina gadin makarantar nan,
na ga masu zuwa su ɗauki hotonmu
su bar mu da ramin da ke bango.

Ajinmu uku: ɗaya na siminti,
biyu na zana, waɗanda awaki ke ci lokacin hutu.
Benci goma sha ɗaya gare mu,
sauran yara buhu ne kujerarsu.

Ran Litinin suka shafe allon bango,
baƙi wul, yana sheƙi kamar goshin ango.
Ran Talata alli ya ƙi kamawa.
Barnaba ya ja, ya sake ja, ko ɗigo babu,
yara suka kwashe da dariya har ƙasa,
shi ko ya tsaya da alli a hannu,
mai karatun injiniya shekara uku.

Ban ce uffan ba. Na zaga bola,
na tsinto matattun batura, na fasa,
na daka baƙin cikinsu,
na batura nake nufi, ba na yaro ba,
na kwaɓa da ƙaro da ruwan ɗumi.
Ya durƙusa kusa da ni, ya ce,
"Baba, sake, ban gani da kyau ba."
Na manta rabon da wani ya ce in koya masa abu.

Akwai wata Damaris, siririya,
wadda guduma ta fi ƙarfin hannunta.
Duk ƙusa uku, ɗaya ce ke shiga daidai.
Amma da na shimfiɗa buzu da azahar
sai na ji bugu ya ɗauke.
Ta ajiye guduma, ta ɗaga wa sauran yatsa,
har na sallame.
Ba wanda ya gaya mata.

Ran Lahadi suka zauna gindin dogonyaro
suna waƙa da Hausar da na sani,
an dai jera ta wani jeri dabam.
Na tsaya bakin ƙofa da sandata,
ina korar awaki da 'yan leƙe.
Ni ma ba wanda ya gaya mini.

Maƙwabcina Nomau ya tare ni:
"Me suke cusa wa yaranmu?"
Na ce, "Wanke hannu, da lissafi,
da yadda ake lanƙwasa ƙusa."
"Kai fa, ba su yi maka wa'azi ba?"
Na ce, "Filibus ya fara, na saurara,
na faɗi nawa, shi ma ya saurara,
shayi ya kai na uku,
kowa ya tashi da abin da ya zo da shi."

Ran tafiya Ilu, ɗan aji biyu,
mai riƙe musu ƙusoshi a aljihu,
ya bi motar da gudu har kwalta,
ya dawo bai yi magana da kowa ba.

Sun bar benci bakwai sababbi.
Na farko, aikin Damaris, ƙafa ɗaya ta gaza.
Darakta ya ce in datse sauran ukun su daidaita.
Na ce to.
Na samo tsingaro na cusa ƙarƙashi.

Wata biyar ke nan.
Ilu ne ke zama a kai,
in tsingaron ya zame, shi ke mayarwa.
Zarto yana nan rataye a ɗakina.
Kullum darakta sai ya tambaya,
kullum sai in ce gobe.