Ladan Gawa

A kasuwar Mile 12 suka same ni,
buhun albasa a ka, wuya ya sage.
Wata mai tabarau ta nuna ni:
"Wannan ya yi, ku dubi idonsa."
Na ce, "Madam, bashin barci ne."
Ta ce ko ina son dubu biyar.

Sai ga mu a bayan a-kori-kura,
ni da Nomau mai shayi
da wasu 'yan Ijora da ban san sunansu ba,
har wani kango a Surulere.
Aka shafe mu da toka da sitaci,
aka ɗiga mana zoɓo a baki wai jini.
Nkiru ta zo da almakashi za ta yaga min riga,
ta duba, ta mayar da shi aljihu.

Oga Folarin ya hau kujera da lasifika:
"Ku gawa ce da ta ƙi kwanciya.
Zombi. Ba tunani, ba magana,
yunwa kaɗai ke jan ku.
Ku ja ƙafa, ku miƙa hannu,
ku nufi ƙofar can ta ƙarfe."

Na ja ƙafa.
Ya ce, "Kai! A ina ka koya?"
Na yi shiru, gawa ba ta amsa tambaya.
Da ma ya leƙo Oshodi da asuba,
ya ga mutum hamsin a kan danfo ɗaya,
hannu a sama, ido a rufe.

Bayan ƙofar akwai masu rai,
su biyar, da janareta, da ruwan gora, da bindiga.
Su ke da suna.
In ɗayansu ya faɗi, har goge ake sa masa.
Mu ɗari biyu muna zuba kamar fara,
kyamara ba ta tsaya kan kowa ba.
Sau bakwai na mutu kafin la'asar.

Da hutu, masu rai suka ci dafa-duka da kaza.
Mu burodin Agege, mutum biyu guda.
Nomau yana tauna ya ce,
"Ka lura? Ba haƙoranmu suke tsoro ba.
Cizo ɗaya ne tsakaninmu da su.
A waje ma haka: ciwo ɗaya, kuɗin haya ɗaya,
sai mutum ya wayi gari a wannan gefen ƙofar."

Dubu uku da rabi aka damƙa min,
sauran wai na dillali.
Ruwa ya ƙare, na hau mota da fuskata haka.
Daga Ojuelegba har Ketu
ba wanda ya firgita,
ba wanda ma ya ɗaga kai.
Kwandasta ya miƙo hannu: "Kuɗinka."

Sai a bakin masallaci, wajen alwala,
toka ta bi ruwa, zoɓo ya bi ruwa.
Na leƙa ƙasan buta.
Idon nan da Madam ta yaba
yana nan yadda yake.